Tambaya da Amsa: Me zirga-zirgar data ke tonawa game da manhajojin waya?

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon kusan duk a kan abu guda suka taru: wanda data ke bi ta hannunsa, kamfanin layi ne ko mai Wi-Fi na unguwa, zai iya sanin manhajar da mutum ke amfani da ita, da tsawon lokacin da ya ɗauka a kanta? Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Kullum ana ce mana saƙon WhatsApp a kulle yake, babu mai iya karantawa. To ta yaya kamfanin layi ke sayar mini da datar WhatsApp zalla, har ya san wadda zai cire daga ciki? Ba leƙa saƙonninmu suke yi ba kuwa?
*Wata malamar makaranta, Gusau*

Wa alaikumus salam, Malama. Ta wannan ɓangaren hankalinki ya kwanta, abin da kika rubuta ba ya karantuwa a hanya. Tun watan Afrilun 2016 WhatsApp ya kulle saƙonni daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, yawancin sauran manhajoji kuma suna amfani da tsarin kullewa na TLS tsakaninsu da manyan kwamfutocin kamfani da ake kira saba.

Sai dai cikin saƙon kawai ake kullewa. Duk abin da waya za ta aika, daddatsa shi ake yi zuwa ƙananan fakitoci, mafi girmansu a yawancin hanyoyi bai wuce bayit 1,500 ba, kuma dole kowanne ya ɗauki adireshin inda za shi a bayyane, in ba haka ba ba zai isa ba. Kamar kwalin saƙo ne a tashar mota: ɗan kamasho ba ya buɗe shi, amma ya san garin da za shi, ya ji nauyinsa, ya kuma san sau nawa kike aikowa a mako. Haka kamfanin layi ke ganin adireshin IP na sabar, da lambar ƙofar (port) da aka shiga a sabar, da girman kowane fakiti, da lokacin da ya wuce, da ko fita yake ko shigowa.

Ban da waɗannan, akwai wurare biyu da sunan sabar kan fito ƙarara. Na farko, lokacin da wayar ke tambayar adireshin wani suna a DNS, wato kundin da ke juya sunan saba zuwa adireshi. Na biyu, a gaisuwar farko ta TLS akwai wani fili da ake kira SNI, inda wayar ke faɗin sunan sabar da take nema kafin a kulle zancen. Duk wanda ya ga googlevideo.com ya san bidiyon YouTube ne, whatsapp.net kuwa ba ya buƙatar bayani.

Irin wannan jerin sunaye da adireshi ya isa a ware datar sada zumunta, ba sai an kai ga koyon na'ura ba. Shi ya sa in an turo miki mahaɗin wani shafi a WhatsApp kika latsa, babbar datarki za a ci, don fakitin ya nufi wani gida daban. Koyon na'ura yana shigowa ne inda sunan ya ɓuya, ko inda manhajoji barkatai ke raba gida ɗaya, kamar googleapis.com ko adireshin Cloudflare da Akamai, kamfanonin da ke ɗaukar zirga-zirgar shafuka masu yawa. A nan ne ake koya wa kwamfuta ta gane manhaja daga girman fakitoci da tazarar da ke tsakaninsu, abin da aka horar ɗin kuma shi ake kira samfuri.

Ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma wannan ne aikin binciken da aka ba ni. Daga ina zan fara, kuma wane irin samfuri zan horar?
*Wani ɗalibi, Zariya*

Allah ya ba da sa'a. Amma ka ajiye maganar samfuri tukuna, ita ce mafi sauƙi a duk aikin. Abin da zai ci maka lokaci shi ne tara data mai laƙabi, wato wadda ka tabbatar da manhajar da ta haifi kowane fakiti a cikinta.

Hanya mafi arha ita ce manhajar PCAPdroid a wayar Android. Tana buɗe VPN na cikin gida a wayar, ta kama fakitocin, ta kuma nuna manhajar da ke da kowanne, domin Android na ba kowace manhaja lambar shaida tata, wato UID. Aibinta ɗaya: da yake wayar da kanta ke sake aika fakitocin, girmansu da lokutansu ba lallai su zo daidai da abin da za a gani a hanya ba. In kana son aiki mai kyau, ka mayar da kwamfutarka wurin Wi-Fi, ka haɗa wayar gwaji ita kaɗai, ka kama fakitoci da manhajar tcpdump, sannan ka ɗauko laƙabin daga wayar. Kafin ka fara, ka kashe GRO da TSO, dabarun da ke sa kwamfuta ta riƙe fakitoci a haɗe, a katin sadarwar kwamfutar da umarnin ethtool. In ka manta, za ka buɗe manhajar duba fakitoci ta Wireshark ka ga fakitoci masu bayit dubu goma ko fiye, waɗanda ba su taɓa bin hanya a haka ba, kwamfutarka ce ta haɗe su. Samfurin da ya koyi wannan girman ba zai yi aiki a ko'ina ba.

Game da yawa, ga shawararmu ga aikin digiri: manhajoji 15, wayoyi aƙalla uku, kowace manhaja zama 30 na minti biyar-biyar, a rarraba su cikin makonni da dama. Minti 2,250 ke nan, wato awa 37 da rabi. Wayoyin kada su zama iri ɗaya, ka haɗa da irin waɗanda mutane ke riƙewa a nan, su Tecno da Infinix da itel, don kowacce na zuwa da nata manhajojin da ke magana a bayan fage. Kuma mutane su latsa da hannu. Akwai wata dabara ta Android mai suna monkey da ke latse-latse da ka, amma sau da yawa a shafin shiga take maƙalewa, ka tashi da awanni na datar da ba ta yi kama da ta kowa ba.

Daga nan sai yanka. Fakitocin da suka yi tarayya a abu biyar, wato adireshin waya, adireshin saba, ƙofofin biyu da nau'in jigila, TCP ko UDP, su ne magudana ɗaya. Ka cire fakitocin da aka sake aikowa saboda sun ɓace a hanya, don halin netwok suke nunawa, ba halin manhaja ba. Masu binciken jami'o'in Oxford da Padua da suka fitar da tsarin AppScanner a 2016 sun ƙara wani mataki: duk inda aka yi shiru na daƙiƙa ɗaya sai su yanke, abin da ya gabata ya zama gungu guda. A kowace magudana sai su jera girman fakitoci gida uku, masu fita, masu shigowa, da duka a haɗe. A kowane jeri su lissafa abu 18: mafi ƙanƙanta, mafi girma, matsakaici, yawan fakitoci, ma'aunan warwatsuwa da karkata, da matakan kashi 10 zuwa 90. Siffofi 54 ke nan. Da su suka gwada manhajoji 110 na Google Play, suka ba da rahoton dacewa sama da kashi 99 cikin 100 a yanayin gwajinsu. Ka riƙe wannan kalma ta yanayin gwaji, tambaya ta gaba a kanta take.

Wata hanyar mai sauƙi ita ce ka ɗauki fakitoci 20 na farko a kowace magudana, girmansu da alkiblarsu kawai. Amfaninta shi ne ba sai magudanar ta ƙare ba kafin a yanke hukunci.

Samfuri kuwa, ka fara da Random Forest na kayan aikin koyon na'ura da ake kira scikit-learn. Bishiyoyin yanke hukunci ne da yawa, guda 100 in ba ka sauya ba, kowacce ta faɗi nata, a bi rinjaye. Kwamfutar cinya mai RAM na GB 8 ta ishe shi, kuma zai nuna maka siffofin da ya fi dogara da su, abin da zai cece ka ranar kare aiki. Kada ka tilasta masa ba da amsa a kan komai. Ka sa masa iyaka, in tabbacinsa bai kai 0.7 ba ya ce bai sani ba, sannan ka rubuta kason da ya bari ba amsa. Manyan samfura masu zurfi ka bar su sai ka ga inda wannan ya gaza. In kana son abin kwatantawa, akwai tarin data na MIRAGE-2019 daga jami'ar Federico II ta Naples a Italiya, amma ka tuna ba za ka sami manhajojin bankunanmu a ciki ba.

Na horar da nawa, ya ba ni kashi 98 cikin 100. Da na gwada shi a wayar ƙanwata sai ya koma kame-kame. Ina matsalar take?
*Wata mai digiri na biyu, Sakkwato*

Malama, kusan tabbas a wajen raba data ne. In kika zuba duk magudanai wuri ɗaya kika cakuɗa, sannan kika ware kashi 80 na horo da 20 na gwaji, to magudanai biyu da suka fito daga zama ɗaya, waya ɗaya, minti ɗaya, ɗaya za ta faɗa horo ɗaya gwaji. Samfurin ya riga ya ga amsar, haddace zaman ya yi. Ki raba da waya da kuma lokaci: wayoyi biyu da makonnin farko su zama horo, waya ta uku da makon ƙarshe su zama gwaji. GroupKFold na scikit-learn don wannan aka yi shi. Makin zai sauko, wataƙila sosai, amma wanda ya rage shi ne na gaskiya.

Na biyu, ki duba ko adireshin IP ko lambar ƙofar waya sun shiga cikin siffofin. In kin tara datar TikTok ranar Litinin, ta Facebook ranar Talata, kuma rauta ta ba wayar adireshi daban a ranakun, samfurin zai koyi ranar mako ne yana zaton manhaja ce. Haka tazarar lokaci tsakanin fakitoci: abin da aka koya a Wi-Fi mai sauri ba ya zama daidai a 3G mai rarrafe.

Na uku shi ne wanda ba a cika lura da shi ba. Ba duk abin da manhaja ke aikawa ne nata na kanta ba. Manhajoji da yawa na ɗauke da kayan talla da na ƙididdiga iri ɗaya, don haka magudanar talla daga wasan yara da ta manhajar labarai ba su da bambanci ko kaɗan. In kika ba su laƙabi biyu, kin koya wa samfurin saɓani. Ki ware musu aji nasu. Haka sanarwar da ke shigowa ta Firebase, tsarin Google na isar da sanarwa: magudana ɗaya ce, yawanci a ƙofa ta 5228, ta cikinta sanarwar manhajoji masu yawa ke bi, kuma ba ta kowa ba ce a cikinsu.

Sai kuma manhajojin da bai taɓa gani ba. Kin koya masa goma sha biyar, wayar ƙanwarki na da sittin. Sauran arba'in da biyar ɗin dole ya cusa su cikin sunayen da ya sani. Ki tara data daga wasu manhajoji daban ki sa musu laƙabin "wasu". Tsarin FlowPrint da aka gabatar a taron masana tsaron sadarwa na NDSS na 2020 wannan matsalar ya tunkara: yana lura da sabobin da ake tuntuɓa tare a lokaci guda, ya haɗa su rukuni, ta haka yake iya cewa ga sabuwar manhaja ko da bai san sunanta ba.

Ko kin gyara duk wannan, samfurin na tsufa. Manhaja ta sabunta, kamfani ya sauya saba ko ya koma sabon tsarin jigila na QUIC, siffar ta canja. Ki ajiye wayar gwaji guda, duk wata ki tara sabuwar data ki auna.

Ina sayar da Wi-Fi da tikiti a unguwarmu, ina da rautar MikroTik. Ina so in san wace manhaja ce ke cinye mini data, mutum nawa ke amfani da kowacce, da awa nawa suke yi a kai.
*Mai sana'ar Wi-Fi, Kano*

Malam, tambaya uku ka yi a numfashi ɗaya, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce.

Ta farko, wace ce ke cin data, ba ta buƙatar ka horar da komai. In akwai suwic, wato na'urar rarraba igiyoyin netwok, mai iya kwafin zirga-zirga zuwa wata ƙofa, ka kwafa ta zuwa ƙaramar kwamfuta mai ɗauke da manhajar sa ido kan netwok ta ntopng. A cikinsa akwai nDPI, wanda ke gane ɗaruruwan manhajoji da tsare-tsare daga sunaye da alamomi. MikroTik ɗin ma yana da Traffic Flow, wanda ke fitar da taƙaitaccen bayanin kowace magudana a tsarin NetFlow ko IPFIX. Amma ka sani jimilla kawai yake bayarwa, bayit nawa, fakiti nawa, daga yaushe zuwa yaushe. Babu sunan SNI a ciki, babu girman fakitoci ɗaya bayan ɗaya, don haka siffofi 54 da muka ambata a sama ba za su fito daga gare shi ba.

Ta biyu, mutum nawa. Kada ka ƙirga da adireshin MAC, wato lambar da waya ke gabatar da kanta da ita ga Wi-Fi. Tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi kan ƙirƙiri adireshin bogi ga kowane Wi-Fi, kuma yana iya sauyawa, sai mutum ɗaya ya zama uku a littafinka. Ka ƙirga da lambar tikiti. Ita ma tana da nata: wanda ya sayi tikiti ɗaya ya raba wa 'yan ɗakinsu, mutum ɗaya zai fito.

Ta uku, awa nawa, a nan gizo ke saƙar. Yawan data ba ya nuna yawan lokaci. YouTube na ba da shawarar saurin megabit 0.7 a daƙiƙa ga bidiyon 360p, da 2.5 ga 720p. In muka ɗauki waɗannan a matsayin ma'auni, awa ɗaya a 360p kusan MB 315 ce, a 720p kuwa MB 1,125. Wato MB 315 ɗin nan awa guda ce a wajen wani, minti 17 a wajen wani. Mai hira da rubutu a WhatsApp kuma zai kwana yana yi bai ci abin da bidiyon minti biyu ke ci ba. A jadawalin data TikTok zai danne kowa, alhali a jadawalin lokaci abin na iya zama daban.

Akwai kuma data da ba mutum a bayanta. Waya na aljihu, hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp na sauka da kansu, Play Store na sabunta manhajoji, cikin dare ana ɗora ajiyar hira zuwa Google Drive. Akwai kuma mutum da ba data a gabansa: mai kallon fim ɗin da aka tura masa ta Xender, mai karanta dogon saƙo, mai wasan da ba ya buƙatar intanet. Waɗannan ba za ka taɓa ganinsu daga rauta ba.

Masu yin wannan aiki da gaske lokaci suke yankawa. A raba zirga-zirgar kowace waya zuwa tagogi na daƙiƙa goma, a kowace taga a tambayi samfuri abu biyu: wace manhaja, kuma a buɗe take a fuskar waya ko a bayan fage? Laƙabin horon daga wayoyin masu sa kai yake fitowa, domin UsageStatsManager na Android na rubuta lokacin da kowace manhaja ta hau fuskar waya da lokacin da ta sauka. Alamomin a bayyane suke ga wanda ya saba. Kiran murya ƙananan fakitoci ne masu tafiya a jere ta ɓangarorin biyu ba tsayawa. Bidiyo kuwa zubowa yake da ƙarfi na ɗan lokaci, ya yi shiru, ya sake zubowa, don wayar na tara na gaba kafin a kalla. Wanda ya ƙirga tagogi masu motsi kaɗai zai rage wa mai kallon bidiyo lokaci mai yawa, don haka ake cike giɓin da bai wuce minti ɗaya ba tsakanin zubi biyu na manhaja guda. Sabunta manhaja zubi ɗaya ne dogo, babu tsayawar yatsa a cikinsa.

Abu na ƙarshe lissafi ne, kuma shi ke ɓata rahotanni da yawa. A ce samfuri na gane 90 cikin kowace taga 100 ta wata manhaja, yana kuma liƙa sunanta bisa kuskure a kan 5 cikin kowace 100 ta wasu. Kamar ba laifi. To a ce ainihin kason manhajar kashi 2 ne. Cikin tagogi 1,000, nata 20 ne, zai gane 18. Cikin 980 da suka rage zai liƙa mata 49. Ya ba ka 67, wato kashi 6.7, ninki uku da ɗoriya. Gyaran shi ne ka cire 5 daga 6.7, ka raba 1.7 ɗin da 85, wato 90 ban da 5, sai ka dawo kan 0.02, kashi 2 ke nan. Ƙananan manhajoji wannan ya fi kumburawa. Duk wanda ya kawo maka jadawali bai faɗi waɗannan lambobi biyu ba, wato kason ganewa da kason kuskure, ka karɓi na manyan manhajojin da taka-tsantsan, na ƙananan kuwa ka ajiye shi gefe.

A ganinmu, ga sana'arka amsar farko ta wadatar. Ita za ta nuna maka inda za ka rage gudu da yamma.

Tun lokacin da aka rufe Twitter na saba da VPN. In na kunna shi, an daina ganin abin da nake yi ke nan? Wani kuma ya ce in kunna Private DNS.
*Wani mai karatu, Jos*

Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 da aka yi wannan rufewar, mutane da yawa a Najeriya suka san VPN. Abin da yake yi shi ne ya naɗe duk fakitocinka cikin magudana ɗaya zuwa sabarsa. Kamfanin layi ya daina ganin suna da adireshin inda ka nufa, wannan gaskiya ne. Girma da lokaci kuwa suna nan. Daga su ana iya cewa wannan bidiyo ne, wannan kira ne, wannan hira ce, har jami'ar New Brunswick ta Kanada ta fitar da tarin data na ISCXVPN2016 don irin wannan bincike. Faɗin takamaiman sunan manhaja ya fi wuya, saboda komai ya cakuɗe a bututu ɗaya. Ka kuma tuna cewa abin da ka ɓoye wa kamfanin layi, mai VPN ɗin ka miƙa wa. In kyauta yake ba ka, ka tambayi kanka da me yake biyan kuɗin sabobinsa.

Private DNS ya zo ne da Android 9 a 2018, yana kulle tambayoyin DNS ta ƙofa ta 853. Rabin aiki ne, domin SNI na nan a fili. QUIC ma, wanda aka daidaita a 2021 kuma YouTube ke amfani da shi sosai, bai ɓoye shi ba: fakitinsa na farko a kulle yake, amma da makullin da kowa zai iya lissafowa. Abin da ke rufe SNI shi ne ECH, wato kulle ita kanta gaisuwar farko, kuma sai wayar da sabar duk sun yarda da shi. Ko yadda waya ke jera bayanan gaisuwar TLS alama ce, da ita aka gina JA3, tambarin gane manhajar da ke magana, a 2017, har Chrome ya fara cakuɗa jerin a 2023 don ya daina zama tambari. Duk lokacin da aka toshe ɗaya daga waɗannan, masu aunawa sai su ƙara jingina ga girma da lokaci.

Ni ke kula da ma'aikata a wani kamfani. Doka ta ba ni damar sa irin wannan a Wi-Fi na ofis don in ga masu ɓata lokaci?
*Wata shugabar sashe, Kaduna*

Hajiya, ki ga lauya kafin ki ga injiniya. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin sadarwar ɗan ƙasa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta buƙaci a sami hujjar doka, a sanar da mutum, a tsaya kan abin da ake buƙata kaɗai. A Nijar hukumar HAPDP ke wannan aiki. Jerin manhajojin mutum ba ƙaramin abu ba ne, yana iya nuna addininsa, rashin lafiyarsa, ko bashin da ke kansa.

In don tsara netwok ne, a rubuta sanarwa a shafin shiga, a adana kan fakiti kawai ban da cikinsa, a fitar da jimillar ofis gaba ɗaya, kada a ba da rahoton rukunin da bai kai mutum goma ba, a goge ɗanyen bayanin bayan 'yan kwanaki. Hukunta ma'aikaci da shi kuwa ba mu ba da shawara ba. Kin ga a amsar mai Wi-Fi yadda waya ke cin data tana cikin jaka.

Datata na ƙarewa da wuri. Wannan fasaha za ta iya nuna mini ko ana cutata?
*Wani ɗan kasuwa, Maraɗi*

Alhaji, ba ka buƙatarta. Duk wannan hasashe na wanda ke waje ne, kai kuwa wayar na hannunka, kuma ita ba hasashe take yi ba, tana rubuta abin da kowace manhaja ta ci da lambarta. Ka shiga saituna, wajen amfani da data, ka sa ranar farawa ta zo daidai da ranar da ka sayi datar, ka tabbatar layin da kake dubawa shi ne wanda ka saya wa in wayar mai layi biyu ce. A ƙarƙashin kowace manhaja za ka ga abin da ta ci a buɗe da wanda ta ci a bayan fage, abin da ka raba wa wasu kuma yana da nasa wurin daban a jerin.

Ɗan bambanci tsakanin lissafin waya da na kamfani ba abin mamaki ba ne. Fakitin da ya bar kamfani ya ɓace kafin ya iso ka, an ƙirga shi can ba a ƙirga shi nan ba, kuma wani na ɗaukar GB ɗaya a matsayin MB 1,000, wani 1,024. In giɓin ya yi yawa, ka ɗauki hoton shafin a farko da ƙarshen kwana uku, tare da saƙon ragowar data na waɗannan lokutan, ka kai wa kamfanin. In ba su saurare ka ba, sai hukumar kula da sadarwa ta Nijar, ARCEP, masu karatunmu na Najeriya kuma NCC.